Edsger Dijkstra

Edsger Wybe Dijkstra (11 ga Mayu, 1930 – 6 ga Agusta, 2002) masanin kimiyyar kwamfuta ne ɗan ƙasar Holan. An haife shi a Rotterdam. Mahaifinsa masanin kimiyyar sinadarai ne, mahaifiyarsa kuma gwanar lissafi. Ya karanta kimiyyar fiziks a Jami'ar Leiden, sannan a 1952 ya fara aikin rubuta manhaja a Cibiyar Lissafi ta Amsterdam. Sana'ar sabuwa ce fil a lokacin, har ma da ya zo yin aure a 1957 hukuma ta ƙi rubuta ta a takardar aure.

Aikinsa kan katsewa

Kundin digirinsa na uku na 1959 ya shafi kwamfutar Electrologica X1, ɗaya daga cikin na farko masu tsarin katsewa. Kafin wannan tsari, kwamfuta kan tsaya tana ta duba ko na'urar da ke haɗe da ita, kamar mai karanta tef ɗin takarda, ta gama aikinta. Da katsewa kuwa, na'urar ce ke aiko siginar lantarki idan ta shirya. Sai kwamfutar ta ƙarasa umarnin da take kai, ta adana inda ta tsaya, ta saurari na'urar, sannan ta koma aikinta.

Abin da ya dami Dijkstra shi ne siginar ba ta da lokaci. Tana iya faɗowa tsakanin kowane umarni biyu, don haka kuskure kan bayyana yau, gobe a maimaita aikin a neme shi a rasa. Gwaji kaɗai ba zai kama irin wannan ba, dole a tabbatar da ingancin manhajar ta hanyar hujja. Wannan ra'ayi ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

A Eindhoven, inda ya zama farfesa a 1962, ya jagoranci gina tsarin THE a kan Electrologica X8. Ya ƙirƙiro semafo, wato alamar da ke sa ayyuka su jira juna. Sunan aro ne daga alamar layin dogo, haruffan P da V na ayyukanta biyu kuwa daga kalmomin harshen Holanci suke.

Ƙarshen rayuwa

Ya samu lambar yabo ta Turing a 1972, ya koyar a Jami'ar Texas da ke Austin daga 1984 zuwa 1999. Ciwon daji ne ajalinsa a garin Nuenen.