James B. Lansing

James Bullough Lansing (1902–1949) injiniyan sauti ne ɗan ƙasar Amurka wanda ya kafa kamfanin lasifika na JBL. An fi saninsa da inganta na'urar matse sauti, wadda ke fitar da siririyar murya a manyan lasifikoki.

Farkon rayuwa

An haife shi a watan Janairun 1902 a jihar Illinois, sunansa na yanka James Martini. Shi ne na tara cikin 'ya'ya 14, kuma mahaifinsa injiniyan haƙar ma'adinai ne. Ya yi aiki a wani gidan rediyo a birnin Salt Lake, inda ya haɗu da abokin kasuwancinsa Ken Decker.

Aiki

A 1927 su biyun suka buɗe masana'antar lasifikar rediyo a Los Angeles. A lokacin fina-finai sun fara magana, amma murya ba ta fita tangaram a manyan sinimomi. A tsakiyar shekarun 1930 Lansing ya ƙera wa kamfanin fim na MGM kayan tsarin lasifikar Shearer, wanda ya samu lambar yabo ta Oscar a fannin fasaha.

A cikin na'urar matse sauti, wani siririn faifan aluminiyam ne ke karkarwa da ƙarfin maganaɗisu, yana tura iska ta ƙunƙuntar kafa zuwa bakin ƙaho. Saboda haka wuta kaɗan kan ba da ƙara mai yawa. Da irin wannan dabara lasifikokin masallatai da na motocin talla a ƙasar Hausa suke aiki.

Decker ya mutu a hatsarin jirgin sama a 1939, kasuwancin ya durƙushe. A 1941 kamfanin Altec ya saye shi, aka samu Altec Lansing, inda Lansing ya yi shekara biyar yana jagorantar injiniyoyi. A 1946 ya fita ya kafa nasa kamfanin, ya fitar da lasifikar D130 mai inci 15 da na'urar D175.

Mutuwa

Lansing gwanin ƙira ne, amma bai iya riƙon kasuwanci ba. Bashi da ciwon damuwa suka yi masa yawa, ya kashe kansa a watan Satumban 1949 a California, yana da shekara 47. William Thomas ya ci gaba da tafiyar da kamfanin da kuɗin inshorar da ya bari. Harman ya sayi JBL a 1969.