Abu Huraira, Sahabin Da Ya Ci Sunan 'Yar Kyanwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya sha jin sunan Abu Huraira, Allah Ya ƙara masa yarda. Sai dai da yawa ba su san cewa alkunya ce ba, ma'anarta kuwa uban 'yar kyanwa. Sunansa na yanka, bisa zance mafi shahara, Abdurrahman ɗan Sakhru, daga kabilar Dausu ta wajen Yaman. Ya tashi maraya, matalauci. Tirmizi ya ruwaito cewa sa'ad da yake kiwon tumakin danginsa yana da wata 'yar kyanwa, da dare ya ɗora ta bisa itace, in gari ya waye ya tafi da ita wurin kiwo. Daga nan sunan ya bi shi har ya danne na yanka.

Ya iso Madina a shekara ta 7 bayan Hijira, wato 628 Miladiyya, lokacin Manzon Allah yana Khaibara. Ya zauna cikin mutanen Suffa, matalautan da ke kwana a rumfar masallaci. Ba shi da gona, ba shi da fatauci, aikinsa lizimtar Annabi da haddace abin da ya ji. Yunwa kan kai shi ga ɗaura dutse a ciki, wani lokaci har ya faɗi a some kusa da mumbari. Wannan haƙuri ne ya sa ya fi kowane sahabi ruwaya, malamai sun ƙidaya masa hadisi 5,374.

Mutumin da ya san zafin yunwa haka, shi Allah Ya sa ya isar wa al'umma hadisan tausayin dabbobi. Shi ya ruwaito labarin matafiyin da ya sha ruwa a rijiya, ya fito ya tarar da kare yana lasar danshin ƙasa don ƙishirwa. Sai ya koma ciki, ya cika huffinsa da ruwa, ya riƙo shi da baki, ya hau ya shayar da karen, Allah kuwa Ya gafarta masa. A nan Annabi ya sanar da sahabbai cewa akwai lada cikin kyautata wa kowane mai rai. An kuma ruwaito daga gare shi, da Abdullahi ɗan Umar, labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ci ba sha, ba ta kuma sake ta ta nemi ƙwarin ƙasa ba, har ta mutu.

To, ga abin lura ga masu ajiye kyanwa don maganin ɓera. Asalinta dabbar ƙasashe masu ƙarancin ruwa ce, ba ta cika nuna ƙishirwa ba, kuma likitocin dabbobi sun ce ƙarancin sha yana taimaka wa ciwon mafitsara da na ƙoda. Saboda haka wajibi ne a kan mai ita ya ajiye mata ruwa a kasko mai tsabta, cikin inuwa, nesa da inda take ba-haya, ya riƙa sabunta shi kullum, balle da bazara. Kada a kore ta don ƙyama. Cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an ruwaito yadda Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa ƙwaryar alwalarsa har ta sha, ya kuma bayyana daga Annabi cewa ita ba najasa ba ce.

Daga baya Allah Ya buɗa wa Abu Huraira. Sayyidina Umar ya naɗa shi gwamnan Bahraini, ya kuma sha riƙon Madina a madadin Marwanu ɗan Hakamu. Manyan tabi'ai irin su Sa'idu ɗan Musayyibu, surukinsa, sun ɗauki ilmi a gare shi. Ya rasu tsakanin shekara ta 57 da ta 59 bayan Hijira, aka binne shi a Baƙi'a.

Dabbar da mutum ya ajiye amana ce, za a kuwa tambaye shi a kanta ranar gobe. Allah Ya sa mu cikin masu jinƙai, amin.