Dorugu, ɗan Damagaram da ya hau jirgin teku a 1855

Mu nan Adar ba a koya mana tafiya. Da wuya ka shiga gida a Tawa ko Barmu ko Kalfu ka tarar babu wanda ya tafi bida, wani Abijan, wani Legas, wani Libiya. Sai dai ruwa ne ba mu sani ba. Babban ruwan da yawancinmu muka taɓa gani shi ne tafkin Tabalak, shi ma kana tsaye wannan gaɓa kana hangen waccan. Shi ya sa a filinmu na tarihi na wannan mako muka ɗauko labarin wani yaro ɗan ƙasar nan, wanda ya ratsa hamada a kan raƙumi, ya hau jirgin teku yau shekara ɗari da saba'in da ɗoriya, ya zauna Ingila, ya dawo, kuma ya bar labarinsa da Hausar bakinsa. Sunansa Dorugu.

An haife shi wajen 1840 a Dambanas, wani ƙauye kusa da Kance cikin ƙasar Damagaram. Ubansa Adamu, wanda ake yi wa laƙabi da Kwage, manomi ne kuma makaɗi. Zamani ne na hari, ba wanda ke kwana da tabbacin zai wayi gari a gidansu. Dorugu bai wuce shekara goma sha ɗaya ko sha biyu ba aka kama shi, aka raba shi da ubansa, aka kai shi Zinder, daga nan aka wuce da shi Kukawa, babban birnin Barno a lokacin. Ya zama bawa, ana miƙa shi daga hannu zuwa hannu.

A Kukawa ne ya gamu da Turawan da gwamnatin Ingila ta aiko su binciki ƙasashen nan. Su uku suka taso daga Tarabulus a 1850. Shugabansu James Richardson ya mutu a hanya cikin watan Maris na 1851, saura Jamusawa biyu: Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, da Adolf Overweg, wanda ake kira Tabib. Mutanen nan sun zo da wani abin mamaki, wato jirgin ruwa. A tsibirin Malta aka ƙera shi, aka yanka shi gida-gida, aka ɗora wa raƙuma, aka ratso Sahara da shi. A bakin tafkin Cadi aka sake haɗa shi, aka sa masa suna Lord Palmerston, Tabib ya shiga ya yi makonni yana zagaya tsibiran Buduma a 1851. Ku dubi wahala, jirgi a kan raƙumi! To shi wannan Tabib shi ya fanshi Dorugu tare da wani saurayi ɗan ƙabilar Margi mai suna Abbega, ya ba su ƴanci, suka zauna suna yi masa aiki. Dorugu kiwon raƙuma ya fara yi masa.

Zaman bai daɗe ba. Zazzaɓi ya kashe Tabib a Maduwari, bakin tafkin, ƙarshen Satumba 1852, yaran biyu suka koma hannun Abdulkarim. Watanni biyu bayan haka suka kama hanyar yamma. Sun iso Zinder ƙarshen Disamba, garin da aka shigo da Dorugu a matsayin bawa, yanzu ga shi ya shigo da ƴancinsa. Suka bi ta Katsina, Wurno, Sakkwato da Gwandu, wato sun bi ta kudu da mu, Adar tana hannunsu na dama. A watan Yuni 1853 suka ƙetare kogin Isa a Sayi, ranar 7 ga Satumba suka shiga Tumbutu. A can sai da Shehu Ahmadul Bakkayi ya tsaya musu, don akwai masu neman ran Baturen. Sun fi wata bakwai ba su samu fita ba. Da suka fito suka biyo gaɓar kogi ta Gawo har Sayi, suka iso Kano a watan Oktoba 1854, sannan Kukawa a Disamba. Shekara biyu cur a kan hanya, yaro ɗan shekara goma sha huɗu yana ɗaurin kaya, yana jan akala, yana hura wuta.

A watan Mayu 1855 suka fuskanci arewa, ta Bilma da Murzuk, a tsakiyar zafi. Wanda duk ya taɓa bin hanyar Dirku ya san abin da muke nufi, shi ma a mota ya bi. Su a ƙafa da raƙumi suka yi ta, wata uku da ƴan kwanaki, daga rijiya zuwa rijiya, ana auna ruwan salka, ana tafiyar dare don tsoron rana. Hanyar ce kuma da ake kora bayi zuwa Fezzan, ƙasusuwan waɗanda suka kasa suna zube a bakin rijiyoyi. Da Tabib bai fanshe shi ba, wataƙila da Dorugu ya bi wannan hanya ɗaure da igiya. Ƙarshen watan Agusta suka iso Tarabulus, ga Bahar Rum shimfiɗe a gabansu, ruwan da ba a hangen ƙarshensa kuma ba ya shayuwa.

Kwana huɗu kawai suka yi a garin. Akwai wani jirgin gwamnatin Turkiyya mai aiki da tururi, wanda ya kawo sojoji saboda tawayen da ake yi a ƙasar a lokacin, shi suka shiga zuwa Malta. Tsakanin Tarabulus da Malta kilomita ɗari uku da hamsin ne ko kusa da haka, bai ma kai Tawa zuwa Agadas ba. Daga Malta suka sake wani jirgin zuwa Marsey a Faransa, tafiyar da ta haura kilomita dubu.

Bari mu ɗan tsaya a nan, don mu ga yadda ake zama cikin irin jiragen nan a wancan zamani. Jirgin tururi na shekarun 1850 kwal yake ci. A can ƙasa, cikin zafi da duhu, akwai mutanen da aikinsu ke nan dare da rana, su ɗebi kwal da shebur su zuba wa wuta, wuta ta tafasa ruwa, tururi ya juya inji. Duk da haka ba a yarda da injin ɗari bisa ɗari ba, shi ya sa jiragen ke ɗauke da dogayen itatuwa da manyan ƙyallaye, in iska ta yi kyau a buɗe su a rage cin kwal. Hayaƙi da toka kuwa suna sauka a kan kowa, a tufa, a abinci.

Mai kuɗi yana da ɗan ɗakinsa da gado, yana ci a tebur. Bara da talaka da soja a sarari suke kwana, a daɓen jirgi, kowa ya shimfiɗa abin da ya samu kusa da kayansa. Ruwan sha a ganga ko tankin ƙarfe ake ɗauko shi daga tudu, kuma da awo ake ba da shi. Wannan kam ba baƙon abu ba ne ga wanda ya fito daga Bilma: kana tsakiyar ruwa amma ƙishirwa na iya kashe ka, kamar dai a Tenere. Abincin ma'aikatan jirgi busasshen biskit ne mai tauri, wanda sai an jiƙa, da naman da aka adana cikin gishiri. Idan ka ce kilishi da gumba na masu teku ke nan, ba ka yi ƙarya ba, sai dai namu ya fi daɗi nesa.

Lokaci da ƙararrawa ake sanin sa. Duk rabin awa a buga, in an kai bugu takwas awa huɗu ta cika, masu tsaro su sauka su kwanta, wasu su hau. Jirgi ba ya yada zango. Ayari in ya gaji sai madugu ya ce a sauke, a ɗaure raƙuma, a ɗora tukunya. A teku babu inda za a sauke, tafiya ake yi kana barci, tafiya ake yi kana cin abinci. Da tsakar rana kyaftin ko mataimakinsa ya ɗauko na'ura ya auna tsayin rana, a jefa igiya mai ƙulli-ƙulli a ruwa a ga saurin jirgi, a duba allurar da ke nuna arewa, a rubuta cikin littafi. Aikin da jagoran ayari ke yi da taurari da ƙwaƙwalwa, su da ƙarfe da takarda suke yin sa. Sai kuma abin da ba ya barin baƙo: ƙasa ba ta tsayawa wuri ɗaya a ƙarƙashin ƙafarka. Jiri, tashin zuciya, amai, ga ƙamshin man inji. Ko alƙibla sai ka yi ta tambaya, don jirgin na iya juyawa kana tsakiyar salla. Wannan ita ce duniyar da yaron Dambanas ya shiga, kwana huɗu bayan ya sauka daga raƙumi.

Abin da zai fi ba mutum mamaki shi ne sauri. Daga Marsey suka bi ta Paris, suka sake ƙetare ruwa, ranar 6 ga Satumba 1855 suna Landan. Kukawa zuwa Tarabulus wata uku da ɗoriya, Tarabulus zuwa Landan bai fi mako guda ba.

Abdulkarim ya tafi da su Jamus, suka ga Hamburg garinsu, suka ga Berlin. Niyyarsa ya mai da su gida ta Tarabulus, har an shirya musu jirgi. Sai wani malamin mishan mai suna James Frederick Schön ya shiga tsakani. Shi Schön ya taɓa zuwa kogin Isa a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, ya fara koyon Hausa, har ya buga ɗan littafin kalmomi a 1843, amma ba shi da Bahaushen da zai riƙa tambaya. Ga Bahaushe har gida, ina zai bari ya wuce? Yaran suka koma gidansa a yankin Chatham, abin da ya jawo saɓani mai zafi tsakaninsa da Abdulkarim. A 1857 aka yi musu baftisma. A shekarar Abbega ya koma Afirka tare da tawagar likita Baikie, daga baya har ya zama sarkin Lakwaja. Dorugu ya zauna.

Shekara takwas ya yi a Ingila, kuma a nan ne ya yi aikin da ya sa muke ambatonsa yau. Yana magana, Schön yana rubutawa. Ya ba da labarin ƙuruciyarsa, da yadda aka kama shi, da tafiyar Tumbutu, da hamada, da jirgi, da abin da ya gani a ƙasar Turawa, har yadda suke zama cin abinci maza da mata a tebur guda, da wuƙa da cokali mai yatsu. Ya ba da tatsuniyoyi masu yawa. Da wannan taimako Schön ya fitar da littafin nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876, sannan a 1885 ya buga Magána Hausa, wanda labarin Dorugu ke ciki. Jami'ar Oxford ta ba Schön digirin girmamawa a 1884. Mu a ganinmu, rabon yabon nan bai yi daidai ba: kunne da alƙalami na Schön ne, amma Hausar ta Dorugu ce. Kuma kunnen ma bai kama komai ba, don rubutun bai raba ƙ da k ko ɗ da d yadda muke yi yanzu ba. Duk da haka, wanda ke son jin yadda ake Hausa a yankin Damagaram kafin zuwan Faransawa, can zai nufa.

A yawancin littattafan wancan zamani Bature ne ke kallonmu yana rubutawa. Nan kuwa ɗanmu ne ya kalle su, ya faɗi abin da ya gani. A 1971 wasu masana biyu, Anthony Kirk-Greene da Paul Newman, suka fassara labarin zuwa Turanci, suka haɗa shi da na Maimaina, jikan Abbega, cikin littafi guda. Akwai kuma zanen Dorugu da Abbega cikin littafin tafiye-tafiyen Barth, wanda ya fito a mujalladi biyar tsakanin 1857 da 1858.

A 1864 Dorugu ya dawo. Jiragen wasiƙu na lokacin daga Liverpool suke tashi, su bi ta Madera, Saliyo da gaɓar Gana ta yau kafin Legas, tafiyar makonni a babbar teku, ba irin ƴar tsallakar Bahar Rum ba. Ya fita ta arewa a kan raƙumi yana yaro, ya shigo ta kudu a jirgi yana magidanci, ya zagaye Afirka ta Yamma kaf. Sauran rayuwarsa a aikin tafinta ya yi ta, tsakanin Turawa da mutanen ƙasa. Aiki ne mai nauyi a zamanin da Turawan suka tashi daga matafiya da ƴan kasuwa suka koma masu mulki, kuma tafinta shi ke tsakiya, kowane ɓangare na kallonsa da ido guda.

Da tsufa ya kama shi, Kano ya zauna. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sa wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909, Dorugu na cikin malamanta na farko, yana koya wa ɗalibai rubutun Hausa da baƙaƙen boko, irin waɗanda muke rubuta wannan shafi da su. A nan ya rasu a 1912, yana da shekara saba'in da ƴan kai. Da aka buɗe kayansa, sai aka tarar da tarin abubuwan Turawa da ya daɗe yana adanawa, har da tabarau da tufafi da kuɗi.