Charles Darwin da Tsibiran Galapagos

An haifi Charles Darwin a garin Shrewsbury na ƙasar Ingila a shekarar 1809. Ubansa likita ne, ya kuwa so ɗansa ya gaje shi, sai ya aika da shi koyon aikin likita. Amma a zamanin nan ba a san maganin sa barci ba, ana yi wa mutum aiki yana ji yana gani. Darwin ya kasa jure wa kallon wannan, ya bari. Abin da ya fi so shi ne yawo cikin daji, yana tara ƙwari da duwatsu.

A shekarar 1831 gwamnatin Ingila ta shirya aika wani ɗan jirgin ruwa mai suna Beagle ya auno gaɓar Amurka ta Kudu. Shugaban jirgin, Kyaftin FitzRoy, ya nemi wani mai ilmin halitta su tafi tare. Aka zaɓi Darwin, yana da shekara 22. Jirgin na katako ne, ba shi da inji, iska ce ke tura shi. Tsawonsa ƙafa 90 ne kaɗai, ga mutum fiye da 70 a ciki. Duk sa'ad da teku ta yi fushi, sai jiri da amai su kama Darwin, amma bai fasa aikinsa ba.

Cikin watan Satumba na 1835 suka isa tsibiran Galapagos, waɗanda ke tsakiyar ruwa, wajen mil 600 yamma da Amurka ta Kudu. Nan Darwin ya ga abubuwan mamaki. Ya ga kunkuru wanda girmansa ya isa mutum ya hau bayansa, har shi ma ya hau. Ya ga wasu baƙaƙen ƙadangaru masu kama da damo, suna nutsewa cikin teku suna cin ciyawar ruwa. Tsuntsayen wurin kuwa ba su san tsoron mutum ba, har ya ture wani shaho daga reshe da bakin bindiga.

Wani Bature mai kula da tsibiran ya gaya masa cewa da ganin ƙoƙon bayan kunkuru yakan san tsibirin da ya fito. Darwin bai ɗauki maganar da muhimmanci ba. Ya tara waɗansu 'yan tsuntsaye masu kama da gwara, bai rubuta tsibirin da ya samo kowanne ba.

Da suka komo Ingila a 1836, bayan kusan shekara biyar, wani masanin tsuntsaye mai suna John Gould ya duba su. Ya tarar duk dangi ɗaya ne, amma sun kasu fiye da iri goma, waɗansu masu kaurin baki, waɗansu masu siririn baki. Sa'an nan Darwin ya gane amfanin abin da ya bari. Dole ya nemi tsuntsayen da FitzRoy da waɗansu mutanen jirgin suka tara, gama su sun rubuta inda suka samo nasu.

Daga nan ya shafe fiye da shekara 20 yana bincike, ba ya raina kome. A 1859 ya fito da littafinsa a kan asalin ire-iren halittu. A ciki ya bayyana cewa dabbobi da tsirrai sukan sāke kama sannu a hankali, daga zuriya zuwa zuriya, domin waɗanda suka fi dacewa da mazauninsu su ne suka fi rayuwa su haihu. Aka yi ta gardama a kan littafin, amma a kansa masana ilmin halitta suka gina bincikensu.

Darwin ya rasu a 1882, aka binne shi a birnin Landan. To, yara, in kun ga wani abu, ku dube shi da kyau, ku rubuta inda kuka gan shi da ranar da kuka gan shi, tun ba ku manta ba.