Jean Tilho, mai awon Tabkin Cadi

An haifi Jean Tilho a Faransa a 1875. Sojan mulkin mallaka ne. Daga 1906 zuwa 1909 ya shugabanci Faransawan da suka shata iyakar Nijar da Najeriya tare da Turawan Ingila, ba da shawarar masu ƙasa ba. Ayarinsa ya sauka Damagaram kafin ya kai Tabkin Cadi.

Tabkin nan faɗi gare shi, ba shi da zurfi. In ruwa ya ragu kaɗan, sai gaɓa ta ja baya da nisa, masunta su bi ta. Da dare mutanen Tilho kan dubi taurari da madubin awo don su san inda suke. Da rana su auna zurfin ruwa, su sa a taswira. A 1908 suka tarar arewacin tabkin ya ƙafe.

Daga baya Tilho ya kasa halin tabkin uku: babban Cadi, matsakaici da ƙarami. Ya rasu a Paris a 1956.

Yau daga sama ake irin wannan awo. Inda ruwa yake garau, hasken rana kan taɓa ƙasansa ya dawo, tauraron ɗan Adam ya gane zurfin daga launin ruwan.