Besi Kolman, matuƙiyar jirgin sama

An haifi Besi Kolman ran 26 ga watan Janairu 1892, a jihar Teksas ta ƙasar Amurka. Iyayenta talakawa ne, baƙar fata. Ita ce ta goma cikin ƴaƴa 13. Sa'ad da aka haife ta babu jirgin sama mai inji ko ɗaya a duniya. Sai a shekara ta 1903 na farko ya tashi.

A wancan zamani, a kudancin Amurka, doka ta raba baƙaƙe da farare. Makarantarsu dabam, wurin zamansu a jirgin ƙasa dabam. Makarantar su Besi ɗaki ɗaya ce tak, kuma tana da nisan wajen kilomita 6 daga gidansu. Kullum da ƙasa take zuwa. Tana son karatu, ta kuma iya lissafi ƙwarai. Amma in kaka ta yi, sai a rufe makaranta, yara su tafi gona tsinkar auduga.

A 1901 ubansu ya bar gida, ya tafi Oklahoma. Uwarsu ta shiga aikatau don ta ciyar da su. Besi ta riƙa kula da ƙannenta, tana yi wa mutane wanki, tana ajiye ƴan kuɗinta. Da ta kai shekara 18 ta shiga babbar makaranta a garin Langston. Bayan zangon karatu ɗaya kuɗin suka ƙare, ta komo gida.

Ƙofofi a rufe

A 1915 Besi ta tafi birnin Shikago wurin yayyenta maza. Ta sami aikin gyaran farce a wani shagon aski. Ana cikin haka Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Farko. Da aka ƙare yaƙi a 1918, sojoji suka komo gida. Suna zuwa aski, suna ba da labarin jiragen yaƙi. Wanta Jon ma ya yi soja a Faransa. Ya riƙa tsokanarta da labarin matan Faransa masu tuƙa jirgi. Tun daga nan Besi ta ɗaura niyyar koyon tuƙi.

Ta nemi shiga makarantun tuƙin jirgi na Amurka, aka ƙi karɓarta, don ita mace ce, kuma baƙa. Sai wani mai jarida, Robat Abot, ya ba ta shawara ta tafi Faransa. Shi ne ya kafa jaridar baƙar fata mai suna Chicago Defender. Amma ta yaya za ta yi karatu a Faransa, ba ta jin Faransanci? Besi ba ta karaya ba. Ta shiga ajin koyon Faransanci nan cikin Shikago, tana aiki, tana karatu, tana tara guzuri. A watan Nuwamba 1920 ta shiga jirgin ruwa ta ƙetare teku.

A Faransa

An karɓe ta a makarantar ƴan'uwa Caudron da ke Le Crotoy, a bakin teku, arewacin Faransa. Jirgin da ta koya da shi ƙirar Nieuport ne, mai fukafukai biyu, ɗaya bisa ɗaya. Jiragen wancan lokaci ba na ƙarfe ba ne kamar na yau. Da katako ake ƙera su, a lulluɓe da ƙyalle mai kauri, a ɗaure da wayoyi. Kujerar matuƙi ba ta da rufi, iska na dukan fuskarsa. Wata rana a gaban idon Besi jirgin wani ɗalibi ya faɗo, ya mutu. Ta tsorata, amma ba ta daina ba.

Ran 15 ga watan Yuni 1921 ta karɓi takardar shaidar tuƙi daga ƙungiyar matuƙan jiragen sama ta duniya. Ita ce baƙar mace ta farko da ta sami wannan takarda. A 1922 ta sake komawa Turai. Ta ƙaro ilimi a Faransa, ta je Holan da Jamus, ta ƙware a wasa da jirgi.

Wasa a sararin sama

Lokacin yaƙi, Amurka ta ƙera dubban jirage ƙirar Curtiss JN-4 don koya wa sojoji tuƙi. Mutane suna ce wa jirgin Jeni. Yana da kujera biyu, gaba da baya. Gudunsa bai wuce wajen kilomita 120 a awa ba. Da yaƙi ya ƙare, gwamnati ta sayar da su da araha. Matuƙa suka saya, suna bin gari gari suna wasa, jama'a na biyan kuɗi suna kallo.

Da irin wannan jirgi Besi ta yi wasanninta. Ta yi na farko ran 3 ga Satumba 1922, kusa da birnin Niyok, don girmama sojoji baƙar fata da suka yi yaƙi a Faransa. Takan hau sama, ta wuntsula da jirgi, ta zana lamba 8 a cikin iska. Wani lokaci ta kifo ƙasa kamar shaho, sai ta kusa taɓa ƙasa sannan ta ɗaga. Jama'a su yi ta tafi. Har suka sa mata suna Sarauniya Bes.

Tsofaffin jiragen nan suna da haɗari. A watan Fabrairu 1923, a jihar Kalifoniya, injin jirginta ya mutu a sama. Ta faɗo, ta karye a ƙafa da haƙarƙari uku. Ta daɗe tana jinya. Da ta warke ta koma bakin aikinta.

Ba don tafi Besi take wannan wasa ba. Burinta shi ne ta tara kuɗi ta buɗe makarantar tuƙi, don kada a sake korar wani saboda launin fatarsa. Tana zuwa makarantu da majami'u tana yi wa yara bayanin jirgin sama. Ba ta yarda da wulaƙanci. Da ta je wasa a garin da ta girma, aka shirya ƙofa biyu, ta farare da ta baƙaƙe. Ta ƙi tashi har sai da aka bar kowa ya shiga ta ƙofa ɗaya.

Ƙarshenta

A 1926 ta sayi wani tsohon Jeni, don shi kuɗinta suka isa saye. Ran 30 ga Afrilu, a birnin Jaksonbil na jihar Fulorida, ta tashi gwaji tare da makanikenta, Wiliyam Wils. Shi ne ke tuƙi. Ita tana leƙen filin da za ta diro da laima washegari, shi ya sa ba ta ɗaura ɗamarar kujera ba. Ashe wani sufana da aka manta cikin jirgin ya maƙale a kayan tuƙi. Jirgin ya kife, Besi ta faɗo, ta rasu nan take. Wils ma ya mutu. Shekarunta 34. Dubban mutane suka halarci jana'izarta a Shikago.

Besi ba ta ga makarantarta ba, amma waɗansu sun cika mata burinta. A 1929 Wiliyam Pawel ya kafa ƙungiyar koyon tuƙi da sunanta a Los Anjeles. A 1931 matuƙa baƙar fata suka bi ta bisa kabarinta da jirage, suka zuba furanni. A 1992 Me Jemison, baƙar mace ta farko da ta tafi sararin samaniya da kumbo, ta tafi da hoton Besi. A 1995 gidan wayar Amurka ya buga tambur mai hotonta. Gaskiyar Hausawa, mai nema yana tare da samu.

Tambayoyi

1. Me ya sa makarantun Amurka suka ƙi karɓar Besi?
2. Me ta fara koya kafin ta tafi Faransa? Wane amfani ya yi mata?
3. Da me ake ƙera jiragen sama na wancan zamani?
4. Me take so ta yi da kuɗin wasanninta?
5. Ku nemo Amurka da Faransa a taswira. Wane teku ne ya raba su?