Tarihin Zaidu ɗan Sabitu, Malamin Rabon Gado

 

Mu ɗaliban ajin ƙarshe mun zaɓi mu kawo muku tarihin Zaidu ɗan Sabitu, Allah Ya yarda da shi. Dalili kuwa, bana ne muka fara karatun rabon gado, kuma kusan kowace mas'ala aka buɗe sai mun ci karo da sunansa.

Zaidu mutumin Madina ne, daga ƙabilar Hazraj, gidan Banu Najjar. Maraya ya tashi, don an kashe mahaifinsa a yaƙin Bu'as yana ɗan shekara 6. Lokacin da Manzon Allah (SAW) ya yi hijira zuwa Madina a shekara ta 622 miladiyya, Zaidu yana da kamar shekara 11, wato bai ma kai wasunmu ba. Ranar Badar ya so a fita da shi, aka maido shi saboda ƙuruciya. Bai yi zuciya ba, sai ya duƙufa kan karatu. Da Annabi (SAW) ya ga kaifin ƙwaƙwalwarsa, sai ya umarce shi ya koyi rubutun Yahudawa don karanta wasiƙu da mayar da amsa, ya kuwa iya shi cikin kusan rabin wata. Ya kuma zama ɗaya daga cikin marubutan wahayi.

Bayan yaƙin Yamama, inda mahaddata da yawa suka yi shahada, Sayyidina Abubakar ya ɗora masa aikin tattara Alƙur'ani wuri guda. A zamanin Sayyidina Usman ma yana cikin mutum huɗu da suka kwafe Mus'hafin da aka aika garuruwa. Sayyidina Umar kan bar masa riƙon Madina in zai tafi aikin hajji. Amma fannin da ya yi wa sahabbai zarra a cikinsa shi ne ilimin gado, kuma fahimtarsa ce Imamu Malik ya bi a mafi yawan mas'alolin wannan babi.

To, me muka koya a wannan ilimi? Kason da aka yanka wa magada guda shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Mai rabo ba ya fara taɓa dukiya. Yakan fara neman adadi mafi ƙanƙanta wanda kowane magaji zai samu kasonsa a cikinsa cif, ba gutsure.

Ga misalin da ya sha mana kai a aji. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, ɗa ɗaya da ɗiya ɗaya. Tumakinsa ba su kai 30 ba, kuma an raba su ba a yanka ko ɗaya ba, ba a sayar ba. Tumaki nawa ne? Da farko mun ce ai ba a ba mu isasshen bayani ba. Ashe bayanin yana ɓoye cikin tambayar: ba a ba mutum rabin tunkiya mai rai. Matar tana da sumuni, ke nan dole adadin ya rabu gida 8. In ta ɗauki 1 cikin 8, saura 7. Namiji yana da kason mata biyu, don haka sauran zai kasu gida 3, alhali 7 ba ta rabuwa gida 3. Sai a ninka 8 sau 3, a samu 24. Mata ta ɗauki 3, ɗa 14, ɗiya 7. Ƙasa da 30 babu wani adadi da zai yi sai 24.

Akwai wadda ta fi wannan, ana kiranta Akdariyya, kuma a nan ake ganin hannun Zaidu sosai. Mace ta rasu ta bar miji, uwa, kakanta mahaifin uba, da ƴar'uwa shaƙiƙiya. Asalin rabon daga 6 ne: miji rabi, 3, uwa sulusi, 2, kaka sudusi, 1, ƴar'uwa rabi, 3. In kun haɗa za ku ga 9 ne, ya zarce 6. Sai a mayar da asalin 9, ragin ya shafi kowa daidai gwargwado. Daga nan, a fahimtar Zaidu, a haɗa na kaka da na ƴar'uwa, 4 ke nan, a raba musu namiji ya ɗauki biyun mace. Amma 4 ba ta rabuwa gida 3. Sai a ninka 9 sau 3, ya zama 27: miji 9, uwa 6, ƴar'uwa 4, kaka 8.

Malamai sun mayar da ita kacici-kacici. Mutum huɗu sun raba dukiya: na farko ya ɗauki sulusinta, na biyu sulusin abin da ya rage, na uku sulusin abin da ya sake ragewa, na huɗu ya kwashe saura. Ku gwada da tsakuwa 27 a gida, za ku ga 9, 6, 4 da 8 sun fito.

Zaidu ya rasu a Madina, mafi shaharar magana a shekara ta 45 bayan hijira. Ɗansa Harija ya gaje shi a ilimi, har ya shiga cikin manyan malaman fiƙihu bakwai na Madina.

Iyayenmu da ƴan'uwa, dukanmu mun san gidajen da zumunci ya yanke a kan gona ko garke. Sau da yawa ba mugunta ce ta fara kawo shi ba, lissafi ne aka yi da ka, aka ce ɗan abin da ya rage ba komai ba ne. Kuma galibi wannan ɗan ragowar haƙƙin ɗiya ne, ko na matar mamaci, ko na maraya. Shi ya sa muke roƙon ƙannenmu kada su raina darasin lissafi, ko a nan ko a lakwal. Mu ma da muna gudunsa, sai da muka ga amana ce ake sauke wa da shi.

Allah Ya ƙara wa Zaidu yarda. Inda muka yi kuskure a gyara mana.